Shafi nawa zan cika a jarrabawar Ilimin Addinin Musulunci?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe a sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙauyenmu, a ƙasar Ringim, kuma bana zan rubuta WAEC da NECO. Yayyenmu da suka riga mu suna cewa in mutum bai cika shafi uku a kowace tambaya ta Ilimin Addinin Musulunci ba, bai kuma zuba manyan kalmomin Turanci ba, kada ya sa ran kiredit. Ni na san karatun, don na yi Ahalari da Ishmawi da Arba'una a zaure, amma Turancina ba shi da ƙarfi, hannuna kuma ba ya sauri. Yaya tsawon amsa ya kamata ya zama, kuma dole ne sai an ƙawata ta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka kwantar da hankalinka. Maganar shafi uku ba ta da tushe, kuma ta cutar da yara da yawa waɗanda suka san karatu kamar yadda ka sani. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, na kuma zauna cikin masu duba takardun jarrabawa, saboda haka bari in fara da gaya maka abin da ke gaban wanda zai riƙe takardarka.

Mai duba takarda ba da son ransa yake ba da maki ba. Kafin a damƙa masa ko da takarda ɗaya, sai an tara su an ba kowa tsarin ba da maki, wato takardar da aka jera abubuwan da ake nema a kowace tambaya da makin da kowanne ya cancanta. A zauna a tattauna, a gwada duba wasu takardu tare har hannu ya zo ɗaya. Bayan ya fara aiki ma akwai shugaban rukuni da ke zaro wasu daga cikin takardun da ya duba ya sake bi, don a tabbata bai yi rowa ba, bai kuma yi kyauta ba. To mutumin da ke cikin wannan hali, da tarin takardu a gabansa da wa'adin da aka yanka masa, abu ɗaya idonsa ke nema: batun da ke cikin tsarin nan. In ya gan shi ya sa alama da jan biro ya ba da makinsa. In bai gan shi ba, ko shafi biyar ka cika, hannunsa a ɗaure yake. Mai sayen gero a kasuwar Gujungu tiya yake ƙirgawa. In ka cika rabin buhu da ƙaiƙayi, wahalar ɗauka kawai ka ƙara wa kanka.

Yanzu mu yi lissafi. A tsarin da WAEC ta daɗe tana bi a wannan darasi, akwai tambayoyin zaɓi guda 50 a awa ɗaya, sai takardar rubutu mai tambayoyi 6, ka amsa 4 a cikin awa 2, ta farko dole ce, makin takardar rubutun duka 100. NECO tana da nata tsarin, don haka a ranar jarrabawa ka karanta umarnin da ke saman takarda da idonka, kada ka dogara da abin da wani ya tuna daga shekararsa. Awa 2 a raba wa tambayoyi 4, kowace ta samu minti 30. Cire minti 3 ko 4 na tunani da tsara abin da za ka faɗa, cire wasu na sake dubawa a ƙarshe, abin da ya rage maka na rubutu bai wuce minti 22 zuwa 25 ba. Yaron da ke tunani da Hausa yana rubutawa da Turanci, da rubutu mai karantuwa, a wannan lokacin zai samu shafi ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A ganina wannan ya isa ya kwashe makin tambaya gaba ɗaya in abin da ke ciki daidai ne. Wanda ya dage sai shafi uku, abin da ke faruwa da shi sananne ne: ya ƙone awa guda a tambayar farko, ya yi ta biyu a guje, ta uku rabi, ta huɗu kuwa lambarta kawai ya rubuta aka ce a ajiye biro. Maki 25 sun tafi ke nan ba don jahilci ba. Kuma ka riƙe wannan: makin farko-farko na kowace tambaya ya fi sauƙin samu fiye da na ƙarshe-ƙarshe. Minti 10 da za ka kashe kana neman ƙarin maki 2 a tambayar da ka riga ka amsa, da a sabuwar tambaya ka kashe su da sun kawo maka 10.

Abu biyu ne ke yanke tsawon amsa, kuma dukansu a rubuce suke a gabanka: kalmar umarni da ke farkon tambaya, da makin da aka sa wa kowane sashe. In ka ga "List" ko "Mention" ko "State", jerawa ake so. Misali an ce ka lissafa farillan alwala. Niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuccuɗawa, da jerantawa ba tare da jinkiri ba. Layi bakwai, shi ke nan, ka wuce. Babu buƙatar ka fara da cewa alwala mabuɗin salla ce, ko ka kawo falalar tsarki. Ba a tambaye ka ba, kuma babu makinsa. In kuwa ka ga "Explain" ko "Discuss" ko "Describe", jerawa kaɗai ba za ta fisshe ka ba. Nan kowane batu yana son jimla biyu ko uku: ka faɗi batun, ka yi bayaninsa, in kana da hujja ko misali ka ɗora. Sai ka buɗe sabon sakin layi don batu na gaba. In an ce kawo guda huɗu, huɗu za ka kawo, waɗanda ka fi tabbata da su. Abin da ya haura adadin ba ya ƙara komai sai cin lokaci.

Bari mu ɗauki tambaya guda mu bi ta tare, don magana a sama ba ta zama a kai. A ce an tambaye ka Sulhun Hudaibiyya, kashi uku: abin da ya kai ga sulhun, sharuɗɗa huɗu daga cikinsa, da darussa uku. Ga abin da na saba gani. Yaro ya fara daga haihuwar Annabi (SAW) a Makka, ya bi ta wahalhalun da Musulmi suka sha, ya yi Hijira, ya yi Badar da Uhudu, shafi ya cika bai iso Hudaibiyya ba. Duk abin da ya rubuta gaskiya ne, amma ba ya cikin tambayar. Amsar da ke cin maki tana farawa ne daga inda tambayar ta fara. A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan Hijira, wato 628 Miladiyya, Annabi (SAW) ya fita da sahabbai kimanin 1,400 da niyyar Umara, cikin harami, da dabbobin hadaya. Ƙuraishawa suka ƙudurta hana su shiga Makka, sai suka sauka a Hudaibiyya. Aka aiki Usman ɗan Affan ya yi musu bayani, suka riƙe shi, jita-jita ta bazu cewa an kashe shi, sahabbai suka yi mubaya'a a ƙarƙashin bishiya, wadda ake kira Bai'atur Ridwan. Daga nan Ƙuraishawa suka turo Suhailu ɗan Amru, Aliyu ɗan Abi Ɗalib ya rubuta yarjejeniyar. Ka ga sakin layi ɗaya ne, amma ƙirga abin da ke cikinsa: shekara, adadi, niyya, wuri, sunaye uku, da mubaya'a. Kowanne wuri ne da jan biro zai iya sauka.

Sai sharuɗɗa, kowanne a layinsa. A ajiye yaƙi shekara 10. Musulmi su koma a wannan shekara, su dawo baɗi su yi kwana 3 a Makka, takubba cikin kube. Wanda ya gudo daga Ƙuraishawa ba da izinin waliyyinsa ba a mayar da shi, amma wanda ya koma wajensu daga Musulmi ba za su mayar ba. Kowace ƙabila tana da 'yancin ƙulla ƙawance da ɓangaren da ta so, shi ya sa Khuza'a suka shiga ɓangaren Annabi (SAW), Banu Bakr suka bi Ƙuraishawa. A darussa kuma nan ne ake bambanta wanda ya fahimta da wanda ya haddace kawai. Kada ka rubuta "haƙuri" ka tsaya. Ka ce sulhun ya koyar da cika alkawari ko da yana da ɗaci, domin an mayar da Abu Jandal, ɗan shi Suhailun, alhali ya iso cikin mari yana neman mafaka. Ka ce zaman lafiya ya buɗe ƙofar da'awa, har aka aika wa sarakuna wasiƙu, kuma waɗanda suka kasance 1,400 a Hudaibiyya sun zama 10,000 ranar buɗe Makka a shekara ta 8. Ka ce abin da ido ke gani kamar asara yana iya zama nasara, domin a hanyar komawa aka saukar da Suratul Fathi tana kiransa buɗi mabayyani. Duk wannan, daga farko har ƙarshe, shafi ɗaya da rabi ne. Ban ga abin da shafi na uku zai ƙara masa ba.

Kada kuma ka ɗauki maganata ka faɗa ɗaya ramin. Akwai yaran da aka gaya wa "a taƙaice ake so", sai su amsa tambayar maki 25 da layi biyar. In an ce ka ba da labarin yadda aka tattara Alƙur'ani, ba ya isa ka ce Abubakar ya tattara, Usman ya daidaita. Ana son a ji cewa mahaddata da yawa sun yi shahada a yaƙin Yamama, Umar ya ba da shawara, Abubakar ya yi jinkiri da farko sannan ya amince, aka ɗora wa Zaidu ɗan Sabit aikin, takardun suka zauna wajen Abubakar, sannan Umar, sannan Hafsa. Ana son a ji cewa Huzaifa ɗan Yaman ne ya kawo wa Usman kukan saɓanin karatu daga fagen yaƙin Armeniya da Azarbaijan, aka kafa mutum huɗu, Zaidu da Abdullahi ɗan Zubair da Sa'idu ɗan As da Abdurrahman ɗan Haris, aka yi kwafi aka aika manyan birane. Irin wannan tambaya ita ce ke da haƙƙin tsawo, kuma tsawon nata sunaye ne da dalilai da jerin abin da ya biyo bayan wani.

Mu zo kan ƙawatawa. Wannan ba jarrabawar Turanci ba ce, ba kuma gasar insha'i ba. Abin da ake buƙata daga Turancinka shi ne a gane abin da kake nufi ba tare da an yi ta hasashe ba. Gajerun jimloli, kowace da magana ɗaya. Babbar kalmar da ba ka tabbata da ma'anarta ba takan juya maka magana ta koma akasin nufinka, kuma a fiƙihu juyewar kalma ɗaya tana mayar da halal haram. Adon da ke da daraja a wannan darasi, kai ka riga ka mallake shi daga zaure: kalmomin fannin. Ka rubuta Tayammum, Iddah, Nisab, Isnad, Matn, Ijma, Qiyas a inda suka dace, ka bi kowace da gajeren bayani, ka kuma riƙe rubutu iri ɗaya daga farkon takarda zuwa ƙarshe. Ka lura cewa a takardar jarrabawa yadda littafin makaranta ya rubuta sunaye za ka bi, ba yadda muke furtawa a gida ba. Ɗalibin da ya ce iddar wadda mijinta ya rasu wata 4 da kwana 10 ce, ya sa Baƙara aya ta 234 a gefe, ya fi wanda ya yi sakin layi guda yana yabon hikimar shari'a da kalmomi masu nauyi.

Akwai wani tarko da ya fi kama irinku da kuka tashi a gaban malamai, kuma don ina ganin darajar wannan karatu nake faɗa. Kunnenku ya saba da salon wa'azi: doguwar shimfiɗa, yabo da salati, maimaita magana sau uku don ta shiga zuciya, jan kunne a ƙarshe. A masallaci da wurin tafsiri wannan shi ne daidai, domin can zukata ake nema. A takardar jarrabawa kuwa maimaici ba ya samun maki sau biyu. Na sha ganin an rubuta batu ɗaya da tufafi uku: zakka tana taimakon talaka, zakka tana rage talauci, zakka tana tallafa wa mabuƙata. Mai dubawa zai ba na farko maki, sauran biyun ya ja musu layi. Da ya ce tana tsarkake dukiya, tana yaye wa mai bayarwa rowa, tana rage hassada tsakanin mai shi da marar shi, da batu uku ya kawo.

Abin da ya fi damuna a maganar cika shafi ma ba makin ba ne. Yaron da aka tsorata da cewa dole sai shafi uku, in abin da ya sani ya ƙare, sai ya fara ƙirƙira. Ya rubuta "Annabi (SAW) ya ce" ya ɗora karin maganar da ya ji a gari, ko ya ce "Allah yana cewa" ya sa lambar sura da aya da ka. Ɗana, wannan ya wuce batun jarrabawa. Hadisin da ya ce wanda ya yi wa Annabi (SAW) ƙarya da gangan ya tanadi mazauninsa a wuta yana cikin Buhari da Muslim, kuma yana daga mafi yawan hanyoyi a cikin hadisai. Ba a ɗage wannan hukunci don mutum yana zaune a ɗakin jarrabawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. In ka tabbata da aya, kawo ta. In ma'anar ka sani amma lambar ta kwance maka, ka ce Alƙur'ani ya yi umarni da kaza, ka bar lambar. In kana shakkar ko hadisi ne ko maganar malamai ce, ka faɗi batun da bakinka kada ka jingina shi ga kowa. Ta fuskar maki ma, yawancin masu duba wannan darasi malaman addini ne. Suna gane ƙirƙira nan take, kuma daga nan sai su riƙa karanta sauran amsarka da zargi.

Kuma ai taƙaitawa ba baƙuwa ba ce a karatunmu. Suratul Asri aya uku ce. Annabi (SAW) da kansa ya ce an ba shi jawami'ul kalim, wato magana kaɗan mai tattare da ma'ana mai yawa. Ahalarin da ka karanta, dubi yadda yake jera hukunci bayan hukunci ba tare da zagaye ba. Wannan salon ka ɗauko ka shiga da shi.

Tambayar hadisi ko sura tana da nata tsari, yawanci nassi, sai fassara, sai sharhi ko darussa. Nassin ana karɓarsa da Larabci ko da haruffan boko, ka zaɓi wanda hannunka ya fi tsafta a cikinsa, kada ka gauraya. Nan daidaito ne kaɗai ke aiki, ba a ƙari ba a ragi, kuma kada ka manta da sahabin da ya rawaito. Ɗauki hadisi na 16 a Arba'una: Abu Huraira ya ce wani mutum ya nemi wasiyya wajen Annabi (SAW), Annabi ya ce masa kada ka yi fushi, ya yi ta maimaita roƙonsa, amsar ba ta canza ba. Nassin layi biyu ne. Sharhin ne zai ɗauki rabin shafi ko fiye: cewa neman nasiha wajen masani abin so ne, cewa maimaita amsar na nuna girman al'amarin, cewa fushi ƙofa ce ta zagi da duka da saki da yanke zumunci, cewa Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi a Ali Imrana aya ta 134, cewa an koyar da maganinsa kamar neman tsari daga Shaiɗan da zama in mutum yana tsaye. Kowane darasi ya fito daga cikin hadisin ko ya koma gare shi.

Wani abu da zai iya ruɗa ka shi ne saɓanin mazhaba. A zaure an koya maka farillan alwala 7, domin haka suke a Malikiyya. Shafi'iyya suna ƙirga 6, Hanafiyya 4, wato waɗanda aka ambata a Ma'ida aya ta 6. In littafin makaranta ya zo da adadin da ya saɓa wa wanda ka sani, ba kuskure ba ne. Ka tambayi malaminku wanda manhaja ta bi, in kuma za ka rubuta na zaure ka ce "a mazhabar Maliku" a farkon jimla. Kada ka mayar da takardar amsa fagen muhawarar ƙungiyoyi ko raddi ga wani ɓangare.

Tsarin shafi kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Lambar tambaya da harafin sashe su fito sarai a gefe, kowace tambaya a sabon shafi, ɗan fili tsakanin batu da batu, kuskure a ja masa layi ɗaya. Bisimilla ka yi ta a zuciyarka. Roƙon mai dubawa, irin su "don Allah a taimaka min ni maraya ne", kada ka kusance shi. Ba ya kawo maki, yana kuma iya jawo wa takardarka matsala.

Wataƙila yayyenka sun ɗauko maganarsu ne daga waɗanda suka wuce gaba. A Kwalejin Ilimi ta Gumel ko Jami'ar Bayero, malami zai so ka kawo ra'ayoyin malamai, ka gwama hujjoji, ka rinjayar da ɗaya, kuma wannan yana cin shafuka. Lokacinsa zai zo in sha Allahu, kuma ko a can wanda ya iya tsaya wa tambaya shi ke gaba.

Tsakanin yanzu da jarrabawa ga abin da nake so ka yi. Ka nemi littafin tambayoyin shekarun baya, ko aro ne daga malaminku. Kowace rana tambaya ɗaya, bayan Asuba kafin a fita gona ko bayan Isha'i, ka sa agogon waya minti 30, ka rufe littafi ka rubuta da Turanci kamar kana ɗakin jarrabawa. In lokaci ya cika ka tsaya ko a tsakiyar jimla ne. Sannan ka ɗauki biro mai wani launi ka bi amsarka, ka sa alama a duk inda ka faɗi sabon abu da ya shafi tambayar, ka ja layi a kan duk jimlar da in an cire ta ba a rasa komai ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu ku riƙa musayar takardu kuna duba wa juna, ranar Alhamis ko Juma'a ku kai wa malaminku mafi kyau da mafi rauni ya gwada muku yadda zai raba makin. Ka fi ba tarihi da hadisi lokaci a wannan gwajin, tunda fiƙihun ka riga ka samu gindinsa a zaure, abin da ya rage maka a can shi ne koyon sunayen abubuwan da Turanci.